In Sammaci Ya Zo Gida: Aikin Lauya Ga Wadda Aka Kai Ƙara

A wannan mako ina so mu yi magana a kan wata takarda da yawancinmu ke gudu kamar maciji, watau sammacin kotu. Sau da yawa in masinjan kotu ya yi sallama ya miƙo takarda, sai uwargida ta karɓa jiki na rawa, ta cusa ta ƙarƙashin katifa don kada kishiya ko maƙwabta su ji, wai abin kunya ne. To, wannan ɓoyo yana cikin manyan hanyoyin da mata ke asarar dukiyarsu.

Da fari mu bambance. Akwai shari'ar laifi, kamar sata ko kisa, inda hukuma ce ke gurfanar da mutum. Akwai kuma shari'ar haƙƙi tsakanin mutum da mutum: bashin atamfa, kuɗin haya, adashin da ya watse, iyakar fili, ko kuwa kin tsaya wa wani ya ci bashi ya gudu. A wannan ta biyu ba a ce kin yi laifi ba. Wani ne ya ce yana bin ki abu, kotu kuma ta kira ki don ta ji ta bakinki. Ɗan sanda ma ba shi da hurumi a ciki, domin Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana a kama mutum saboda bashi kurum ko saɓa alkawarin ciniki, ta kuma hana a kama mace a madadin mijinta ko ɗanta.

In kika ƙi zuwa, shari'a ba za ta jira ki ba. Alƙali yana da ikon yanke hukunci a bayan idonki bisa abin da mai ƙara ya faɗa. Ran nan sai ki ga ma'aikatan kotu a ƙofar gida sun zo kwashe keken ɗinki da firji za a yi gwanjonsu, ko kuma a umurci banki ya biya daga ajiyarki. Ana iya roƙon a soke irin wannan hukunci, amma sai da dalili mai ƙarfi da ƙarin kashe kuɗi.

Mutane da yawa sun ɗauka aikin lauya shi ne ya sa baƙar riga da farar hular gashi ya yi ta zuba Turanci gaban alƙali. Gaskiyar magana, mafi yawan aikin a ofis ake yinsa. In kin je, akawu zai buɗe miki fayil, sa'an nan lauya ya zauna da takardun. Zai duba ko an kawo miki sammacin yadda doka ta ce, ko kotun da aka kai ki tana da ikon jin irin wannan magana, da kuma ko lokacin ƙarar bai wuce ba, gama a jihohi da yawa bashin yarjejeniya in ya shekara 6 ba a nema ba, kotun majistare ko Babbar Kotu ba za ta saurare shi ba. Wata ƙarar a nan take mutuwa, ba a ko kira shaida ɗaya ba.

In ƙarar ta tsallake wannan, sai ya rubuta takardar kare kai. Yakan bi maganar mai ƙara saɗara saɗara, ya ce wannan mun yarda, wannan mun musa, ga kuma yadda abin ya auku. Ki lura da kyau: abin da ba a musa ba a rubuce, kotu kan ɗauka an amsa shi. A Babbar Kotu kuwa, tun da wuri ake haɗa wannan takarda da bayanan shaidu na rantsuwa da kofen duk takardun da za a dogara da su. In ke ma kina bin mai ƙarar wani abu, a nan lauya zai shigar da taki ƙarar a ji su tare. Dukan wannan yana da kwanaki ƙayyadaddu, shi ya sa wadda ta kai sammaci ana gobe zaman kotu ta riga ta ɗaure wa lauyanta hannu.

Sai babban abu, wanda a ganina nan muka fi kuskure: ɓoye wa lauya gaskiya. Mace ta karɓi naira dubu 200, ta biya dubu 120, amma don kunya ko fushi sai ta ce ba ta taɓa karɓar ko kwabo ba. Lauya ya rubuta haka, ran shari'a lauyan ɗaya gefen ya fito da takardar banki, shi ke nan, alƙali ba zai ƙara gaskata ta ba, har kuɗin da ta biya da gaske su shiga shakka. Alhali da ta faɗi gaskiya, da a kan dubu 80 za a tsaya. Kada ki ji tsoron tonon asiri. Sashe na 192 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana lauya bayyana abin da kika gaya masa a kan aikinsa sai da yardarki, in dai ba wani laifi ake shiryawa ba.

Mai ƙara ne ke da nauyin kawo hujja, kuma alƙali kan auna hujjojin gefe biyu ya ga wanne ya rinjaya. A kotun shari'ar Musulunci ma mai da'awa ke kawo shaidu, in ya kasa a ba wadda ta musa rantsuwa. Saboda haka rasidi, da littafin uwar adashi, da sunayen waɗanda aka yi ciniki gabansu, duk ki kai. Saƙon waya da na banki kada ki goge, dokar 2011 ɗin ta yarda a karɓe su in an cika sharuɗɗa. Wadda ba ta karatu kuwa kada ta dangwala yatsa a takarda sai an karanta mata ita da harshen da take ji, wanda ya rubuta kuma ya sa sunansa da adireshinsa.

Lauyan kirki in ya ga bashin gaskiya ne zai ba ki shawarar sulhu. A zauna a tsara biya kaɗan kaɗan, a rubuta, a kai wa alƙali ya mai da shi hukunci. Kada ki ce an saye shi, sau da yawa wannan ya fi shekara uku ana ɗage zama. In kuwa an yi shari'a an kayar da ke a Babbar Kotu, wata 3 gare ki na ɗaukaka ƙara.

Maganar lada a yi ta tun ran farko, a rubuta, ki karɓi rasidi. Wadda ba ta da hali ta nemi ofishin Hukumar Ba Da Agajin Shari'a, wadda aka kafa a 1976, ko ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA, su duba ko za su iya tsaya mata kyauta.

Ku kuma 'yan makaranta, wannan aiki ba na maza kaɗai ba ne. Mai Shari'a Aloma Mariam Mukhtar ita ce mace ta farko daga Arewa da ta zama lauya, ta kuma riƙe muƙamin Alƙalin Alƙalan Nijeriya daga 2012 zuwa 2014. Karatun shekara 5 ne a jami'a, sai shekara 1 a Makarantar Horon Lauyoyi, wadda ke da reshe a Bagauda ta Jihar Kano. Kafin nan, in irin wannan takarda ta zo wa mahaifiyarki ko gwaggonki, ki karanta mata abu uku: sunan kotun, lambar ƙarar, da ranar da aka ce ta bayyana.