Ayu a Kogin Isa: Mece Ce Gaskiya, Mece Ce Ji-ta-ji-ta?

Garin Karakara ba ya bakin kogi, amma labarin ayu ya daɗe da isowa can. Yana zuwa tare da bandar kifin da ake kawowa daga Gaya, yana zuwa a bakin fatake masu dawowa daga Kamba da Malanbil, yanzu kuma yana shigowa ta waya, cikin saƙonnin WhatsApp na masu tallar kayan mata. A kasuwannin yankin za ka ga mai magani ya shimfiɗa buhu, ya jera sassaƙe da saiwoyi da guntayen fata, a gefe guda kuma 'yan kwalabe ɗauke da wani mai fari-fari da ya daskare. In ka tambaya sai ya rage murya ya ce man ayu ne. Mafi yawan masu saye ba su taɓa ganin ayu da idonsu ba, ba su kuma san cewa kwalbar nan tana da hannu cikin raguwar wata halitta da ke rayuwa a kogin Isa, wanda 'yan uwanmu na Kabi da Yawuri ke kira Kwara. Ga maganganun da aka fi yaɗawa, da abin da ya tabbata a kan kowace.

"Ayu aljani ne, rabinsa mutum rabinsa kifi"

Ƙarya ce. Ayu dabba ce mai haihuwa da shayarwa, kuma iska yake shaƙa da huhu. Babbansa yana kai mita 3 zuwa 4, nauyinsa kuma yana iya haura kilo 400. Masana halittu sun tabbatar cewa cikin manyan dabbobin tudu giwa ce danginsa mafi kusa. Ana samunsa a ƙasashe 21 na Afirka, daga kogin Senegal har Angola, a bakin teku da cikin koguna masu nisa da teku irin namu.

Sai dai ruwa ba ya tsami banza. Nonon macen ayu yana ƙarƙashin hannuwanta ne, daidai hammata, a nan ɗanta ke tsotso. A ƙarshen hannuwan akwai farce, da su yake jawo ciyawa zuwa baki. Kuma dabba ce mai gudun mutane, ta fi kiwo da dare. Masunci da ke zaune cikin jirgi da asuba ba ya ganin komai sai ƙofofin hanci biyu sun ɓullo, ya ji hucin numfashi, sannan ruwa ya yi zobe ya lafa. Wanda ya ga wannan cikin duhu, ba abin mamaki ba ne ya koma gida da labarin aljana. Ba mu kaɗai wannan ruɗi ya taɓa kamawa ba: a 1493 matuƙin jirgin ruwan nan Kolumbus ya ba da labarin ganin 'yan matan ruwa uku a tekun Karibiyan, masana kuma sun tafi a kan cewa dangin ayu ne ya gani.

"Yana kifar da jirgi, yana jan mutane ƙasan ruwa"

Wannan ma ba shi da tushe. Ayu ba shi da fiƙa, ba shi da haƙoran gaba, turame kawai gare shi na niƙa ciyawa. Ba ya farautar kowa. In an soke shi ko ya firgita yana iya bugun jirgi da faffaɗar wutsiyarsa yana neman tsira, amma ba ya bin mutum. Dabbar da ke kifar da jirage tana kashe mutane a kogin Isa dorina ce, mutanen Ayoru sun fi kowa sanin haka. Sauran haɗurran kuma nauyin kaya ne, da tsufan jirgi, da iska, da tafiyar dare ba rigar ruwa. Ɗora wa ayu laifin yana rufe idon jama'a daga abin da za su iya gyarawa da hannunsu.

"Yana cin shinkafa, yana yaga koma"

Gaskiya ce, kuma bai kamata masu kare dabbobi su musa ba. Abincinsa ciyawar burgu ce da kainuwa da sauran tsirran ruwa, yana cin kilo masu yawa a yini. In ruwa ya cika ya malala fadama, ayu yana bin sa har gonar shinkafa. Bincike ya kuma nuna cewa ayun Afirka yana haɗawa da dodon koɗi da kifin da ya tarar a maƙale cikin raga. Manomin da ya wayi gari ya ga an yi kiwo a gonarsa, ko masuncin da ya ciro komarsa a yage, asararsa ta gaske ce.

Amma a dubi ɗaya ɓangaren. Ayu yana ɓullowa shan iska bayan 'yan mintoci, in yana hutawa ne yake jure kamar minti 20. Idan ya sarƙe cikin raga a ƙasan ruwa, nutsewa yake yi ya mutu, musamman ɗan ƙarami. Sannan kiwon da yake yi yana rage ciyawar da ke toshe hanyoyin jirage, kashinsa kuma taki ne ga ruwan da kifi ke hayayyafa a ciki. Maganin ɓarnarsa shi ne shingen itace a bakin gona, da kauce wa shimfiɗa raga a mashigar da aka san yana bi.

"Man ayu yana mallake miji, yana ƙara ƙarfi"

Wannan ita ce maganar da ta fi kowace cin ran ayu. Babu wani binciken likita da ya nuna cewa kitsen ayu yana ɗauke da sinadarin da ke ƙara sha'awa, ko ya juya zuciyar wani, ko ya warkar da ciwon gaɓoɓi da na kunne kamar yadda ake tallatawa. Kitse ne irin na sauran dabbobi. Soyayyar gida kuwa ba a cikin kwalba take ba, kowace uwa ta san da haƙuri da mutunci da kyautatawa ake riƙe aure.

Sai kuma mai saye ya yi wa kansa lissafi. Ana tallar man ayu a Gaya da Dosso da Maraɗi, ana tallarsa a Sakkwato da Kano, ana aika shi ta mota har inda ba a taɓa ganin kogi ba. Ayu kuwa dabba ce da masunci zai shekara bai yi ido biyu da ita ba. To, ɗayan biyu ne. Ko dai abin da ke cikin kwalbar ba man ayu ba ne, wani kitse ne aka narkar aka sa masa suna, ke nan an cuci mai saye. Ko kuma na gasken ne, ke nan an kashe dabbar da doka ta hana taɓawa, kuɗin mai saye ne kuma suka biya mai kisan. Ga haɗari ga lafiya: man da ba a san asalinsa ba, ba a san hannun da ya haɗa shi ba, in mace ta yi matsi da shi yana iya jawo mata ƙaiƙayi da ciwon sanyi, ta ƙare a asibiti. 'Yar uwa, kuɗin da za ki ba mai kwalba sun fi amfani a wurin ungozoma ko likitar mata.

"Halittar ruwa ba ta ƙarewa"

Tana ƙarewa, an kuma gani. Macen ayu tana ɗaukar ciki wajen shekara guda ko fiye, ta haifi ɗa ɗaya, ta yi ta renonsa har kusan shekara biyu kafin ta sake wani. Tarwaɗa ɗaya tana zuba dubban ƙwai a damina guda, ayu kuwa sai a yi shekaru kafin a samu ƙarin ɗaya. In an kashe uwa mai goyo, rai biyu aka kashe, don ɗan ba zai rayu ba.

A 1741 Turawa suka fara cin karo da wani babban ɗan uwan ayu a tekun Bering, tsakanin Rasha da Alaska, mai tsawon kusan mita 8. Saboda namansa da kitsensa, zuwa 1768 babu ko ɗaya, shekara 27 kacal. A 2006 masana suka bi kogin Yangtze na ƙasar Sin suna neman wata dabbar ruwa mai shayarwa da ake kira baiji, ba su ga ko guda ba, ragar masunta da jirage da madatsu sun gama da ita. A 2022 aka ba da sanarwar cewa dugong, wani dangin ayu na teku, ya ɓace daga ruwan ƙasar Sin. Ayunmu kuma hukumar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin jerin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa.

"Namansa halal ne, dokar hana kamunsa ta Turawa ce"

Rabin farko yana da tushe: a mazhabar Malikiyya da muke bi, dabbobin ruwa halal ne. Amma halaccin nama bai halatta ɓarna a bayan ƙasa ba, bai kuma halatta wa mutum ɗaya ya ƙarar da abin da yake na al'umma da jikokinta ba. Malamai sun san hukuma tana da ikon hana abu don maslahar jama'a.

Dokar kuma tamu ce. A Nijar, doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998 ita ke tsara farauta da kare namun daji, ayu yana cikin dabbobin da aka ba cikakkiyar kariya. A Najeriya dokar 1985 kan dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta hana kamunsa da cinikinsa. A Oktoban 2008, a Lome, Nijar da Benin suna cikin ƙasashen da suka sa hannu kan yarjejeniyar kare ayu da ƙananan dabbobin teku masu shayarwa na yammacin Afirka. A 2013, a taron yarjejeniyar cinikin namun daji ta CITES a Bankok, ƙasashen Afirka ne da kansu, Benin da Senegal da Saliyo, suka nemi a haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe, aka kuma amince. Don haka wanda ya tsallaka gadar Gaya zuwa Malanbil, ko ya bi ta Kamba, da mai ko fata ko ƙashin ayu, ya karya doka ta kowane ɓangare. A Fabrairun 2020, da bidiyon wasu matasa suna jan ayu da igiya a kan titi a kudancin Najeriya ya bazu, ƙaramar ministar muhalli ta lokacin, Sharon Ikeazor, ta fito ta yi tir da abin a bainar jama'a.

"Sarkawa ne suka ƙarar da shi"

Ba adalci ba ne a bar maganar haka. Gaskiya ne Sarkawa sun gaji farautar manyan dabbobin ruwa da zago, amma a da aiki ne na ƙwararru 'yan kaɗan, mai ƙa'idoji da izinin sarkin ruwa. Abin da ya sauya shi ne kasuwa ta buɗe baki, ragar leda mai arha ta cika kogi, jirage masu inji suka yawaita, wasu ɓata-gari kuma suna zuba guba irin gamalin don kama kifi.

Kogin ma ya sauya. Madatsar Markala a Mali tun 1947, da ta Kainji a Najeriya tun 1968, sun datse hanya, ayun da ke tsakaninsu ba shi da sauran mahaɗa da na ƙasan kogi. Yashi yana cike gurabe masu zurfi da yake fakewa da rani. A Yunin 1985 kogin ya daina gudu a Yamai saboda fari. Fadamun burgu kuma suna komawa gonaki. In ruwa ya janye da sauri, ayu yana maƙalewa a tafki, kowa ya gan shi. Ke nan laifin ya rabu tsakanin mai zago, da mai raga, da mai tsara madatsa, da mai sayen kwalba a garin da ke nesa da kogi.

"An makara, ba abin da za a iya"

Ba a makara ba. A jihar Fulorida ta Amurka, ƙirgar 1991 ta samu ayun can ƙasa da 1,300. Da aka taƙaita gudun jirage aka keɓe wuraren fakewarsa, zuwa 2017 ya haura 6,000. Amma a 2021 sama da 1,000 suka mutu, akasari saboda yunwa, bayan gurɓatar ruwa ta kashe ciyawar da suke ci. Darasin a fili yake: hana kisa ba ya wadatarwa sai an kare ruwan da abincin. A yankin Matam na Senegal, mutanen gari da ma'aikata sun sha haɗa hannu su ɗauke ayun da ya maƙale a tafki su mai da shi kogi. A Kamaru, ƙungiyar AMMCO tana aiki da masuntan tafkin Ossa, su ne ke kai rahoton inda suka gan shi.

Mu ma muna da abin ginawa a kai. Gandun dajin W yana nan tun 1954, kuma fadamar kogi ta yankin Gaya, wajen Albarkaize, ta shiga jerin fadamun da ake karewa a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar a 2001. Abin da ya rage aikin jama'a ne. Masunci da ya tarar da ayu a raga da rai ya sake shi. Wanda ya ga ya maƙale a tafki ya sanar da mai gari da jami'an gandun daji kafin a taru a kansa da adduna. Sarakunan ruwa su keɓe guraben da aka san yana fakewa, hukuma kuma ta tallafa wa wanda ya yi asarar koma ko shinkafa, don kada haushi ya sa shi ɗaukar zago. Limamai da gidajen rediyon karkara su faɗa wa mutane gaskiyar lamarin. Mu kuma na tudu, daga Karakara har Kano, namu ya fi sauƙi: mu daina saye, mu daina tura tallar a waya. Ranar da kwalbar man ayu ta rasa mai saye, ranar mafarauci zai rasa dalilin fita.