Ɗumama ɗaki da sanyaya shi a gidan da ke da mai asma

Asma ciwo ne na hanyoyin numfashi. Idan ta tashi, hanyoyin da iska ke bi zuwa huhu sai su kumbura, su tsuke. Mutum ya riƙa tari, ƙirji ya yi masa nauyi, numfashinsa ya riƙa fito kamar ana busa sarewa, musamman da dare ko da asuba. Ba a ɗaukar ta daga wani, saboda haka kada a haɗa ta da tarin tibi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 262 ne ke fama da ita a duniya. Abin da ke tayar da ita kuwa yana nan cikin gidajenmu: hayaƙi, ƙura, sanyin asuba da fumfuna.

Lokacin ɗari

Daga watan Disamba zuwa Janairu, iskar hunturu na busowa daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙura. Dare ya yi sanyi a Damagaram, a Maraɗi, a Tawa. Abin da aka saba shi ne a zuba garwashi cikin kasko, a shigo da shi ɗaki, a rufe ƙofa, a toshe taga da tsumma. Ɗaki ya ɗumama, gaskiya ne. Amma hayaƙin da ba shi da mafita cikin ƙirjin masu barci yake shiga, kuma mai asma ne ke fara jin jiki.

Akwai wani haɗari da ya fi hayaƙi. Garwashi da gawayi, ko da ba a ga hayaƙinsu ba, suna fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi. Tana sa ciwon kai, jiri da kasala, kuma tana iya kashe mutum cikin barci. Don haka kada a kwana da kaskon wuta a rufaffen ɗaki, ko da asma ko babu.

To, yaya za a yi da sanyi? A hura wuta a tsakar gida, a ji ɗumi a can. A sa dutse ko bulo kusa da wutar har ya yi zafi, a naɗe shi cikin tsohon zane, a ajiye a wajen ƙafafu. Kwalbar da aka cika da ruwan zafi aka rufe da kyau ita ma tana yin wannan aiki. Bangon ƙasa mai kauri yana riƙe zafin rana: a buɗe ƙofa da hantsi rana ta shiga, a rufe kafin magariba. Bargon da ya yi wata tara a ajiye, a shanya shi a rana, a kakkaɓe shi nesa da maras lafiya. In zai fita da asuba, ya rufe hanci da baki da rawani ko mayafi.

Murhu ma ya shiga cikin maganar. Icce ɗanye, kara da kashin shanu sun fi busasshen icce hayaƙi. Mafi muni ita ce ledar da ake ƙonawa don wuta ta kama da sauri; wannan ɗabi'a ya kamata a bar ta gaba ɗaya. Murhun ƙarfe Mai Sauƙi da murhun laka Albarka suna rage cin icce, amma hayaƙi bai ƙare ba, sai a girka su a fili ko ƙarƙashin rumfa, nesa da ƙofar ɗakin kwana. Wanda ke da halin sayen gas ya fi kowa samun sauƙi, kuma tun da aka buɗe matatar mai ta Damagaram a 2011 ana samar da shi a cikin ƙasa. Uwa kada ta goya yaro mai asma a bakin murhu. Turaren wuta kuwa, na san iyayenmu mata ba za su so jin wannan ba, amma shi ma hayaƙi ne, haka nan maganin sauro na ƙonawa. Gidan sauro ya wadatar.

Lokacin bazara

A watannin Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40. Ɗakin kwano ya koma kamar tanda. Mutane da yawa na ɗaukar rufin kwano alamar arziki, alhali soron ƙasa ya fi shi sanyi da rana, ya fi shi ɗumi da daren ɗari. Ginin tubali mai rufin baka, wanda ba ya cin icce ko ɗaya, shi ma haka yake. Wanda ya riga ya yi kwano, ya sa masa silin a ƙasa, ko ya shafa masa farin fenti a sama. A yi rumfar zana a gefen yamma, a dasa dogon yaro don bango ya sami inuwa. Taga biyu masu kallon juna sun fi babbar taga guda, domin iska na shiga ta nan ta fita ta can. Ranar da hazo ya sauka ko guguwa ta taso, a rufe su har ƙura ta kwanta.

Fanka ba ta tsabtace iska, juya ta kawai take yi. In ɗaki na da ƙura, ita za ta watsa maka a fuska. A yayyafa ruwa kafin shara, a goge fukafukan fanka da jiƙaƙƙen tsumma, mai asma ya fita sai an gama. A birane kamar Yamai, masu na'urar sanyaya ɗaki su riƙa wanke matacinta a kai a kai. Mai amfani da irin wadda ake zuba wa ruwa ya riƙa canja ruwan, don ruwan da ya daɗe a ciki yana haifar da fumfuna. Buhunan hatsi, takin zamani da maganin ƙwari kuwa, wurinsu rumbu ko shago, ba ɗakin kwana ba.

Gyaran ɗaki ba ya maye gurbin magani. Maganin shaƙa da ake kira salbutamol yana buɗe hanyoyin numfashi cikin ƴan mintoci, ya kamata ya kasance kusa da shimfiɗa. Akwai kuma wani na shaƙa kullum don hana ciwon tashi, likita ne ke rubuta shi. Idan maras lafiya ya kasa gama magana saboda haki, ko ana ganin tsakanin haƙarƙarin yaro na lotsawa, ko an shaƙi magani ba a ga sauƙi ba, a kai shi gidan likita nan take, ko da tsakar dare ne.