Ƙwaya biyar, doka ɗaya: wasan da ke wahal da masu lissafi

Akwai wani wasan gwada basira da ya daɗe yana yawo a jami'o'i da ma'aikatun ƙasar Amurka, wanda ba ya bukatar komi sai tebur da ƙwayoyin ludo guda 5. Ƙwayar ludo dai ita ce ƴar dunƙulen nan mai fuska 6, mai ɗigo daga 1 zuwa 6, wadda Faransawa ke kira dé. Wasan ba caca ba ne, ba a sa ko dala. Duk da haka yakan tayar da hankalin mai ilimi fiye da asarar kuɗi, domin sau da yawa injiniya yana can yana zufa da alƙalami, yaron da ke gefensa ya riga ya kama bakin zaren.

Sunan wasan da Ingilishi Petals Around the Rose, wato "Ganyen fure kewaye da wardi". Wanda ya san sirrin shi ne mai jefawa. Yakan watsa ƙwayoyin a kan tebur, ya dube su, ya faɗi wani adadi. Aikin sauran jama'a shi ne su gano dokar da yake bi wajen fitar da adadin. Abu 3 kawai aka yarda ya gaya musu: sunan wasan, da cewa sunan yana da muhimmanci, da cewa amsar kullum sifiri ce ko adadin da ke rabuwa biyu daidai. Bayan wannan ba ya ƙara komi, sai dai ya sake jefawa, ya sake faɗin amsa. Wanda ya gano dokar kuma ba ya bayyana ta. Yana nuna ya gane ne ta hanyar faɗin amsa daidai sau da dama a jere, sa'an nan a ɗora masa alkawarin rufe baki.

Ga jifa 6, kowa ya gwada sa'arsa kafin ya ci gaba da karatu:

Na ɗaya: 2, 3, 6, 1, 4. Amsa 2.
Na biyu: 4, 1, 5, 2, 6. Amsa 4.
Na uku: 6, 3, 5, 2, 2. Amsa 6.
Na huɗu: 6, 4, 2, 2, 1. Amsa 0.
Na biyar: 5, 5, 2, 6, 1. Amsa 8.
Na shida: 5, 3, 5, 5, 1. Amsa 14.

Labarin da ya fi yaɗa sunan wasan ya faru ne a watan Yuni na shekarar 1977. Wasu masu harkar kwamfuta suna komawa garin Albuquerque daga wani babban taro da aka yi a Dallas, cikinsu har da Bill Gates, wanda shi da Paul Allen suka kafa kamfanin Microsoft a 1975. A lokacin yana da shekara 21. Wani mai suna Henry Gilroy ya ba da labarin a mujallar Personal Computing ta wannan shekara. Bisa ga abin da ya rubuta, abokan tafiyar sun yi ta gano dokar ɗaya bayan ɗaya, Gates kuwa ya daɗe bai gano ba. Abin da ya yi shi ne haddace jifa masu yawa tare da amsoshinsu, har ya riƙa cin wasu da ƙarfin hadda, kafin daga baya ya fahimci ainihin dokar. Kaifin ƙwaƙwalwa ya ba shi hanyar kewayawa, hanyar kuma ta jinkirta shi.

To, ina matsalar take? Mu koma ga jifan da ke sama. Wanda ya dubi na ɗaya zai lura amsar ta yi daidai da ƙwayar farko. Na biyu ma haka, 4 da 4. Na uku ma haka, 6 da 6. Sau 3 a jere, ai sai mutum ya buga ƙirji ya ce ya gama. Sai jifa na huɗu ya zo da 6 a gaba, amsa kuma sifiri. A nan ne ake rabuwa. Wasu sukan yi watsi da tsohon zatonsu nan take. Wasu kuwa sai su shiga yi masa faci: wai ƙila idan akwai 2 guda biyu sai a cire kaza, ko idan 1 ta zo ƙarshe sai a ninka da kaza. Kowane faci yana jawo wani, har dokar ta fi takardar haraji tsawo, alhali mai jefawa yana ba da amsa cikin ƙiftawar ido, abin da ya isa ya nuna cewa dokar gajera ce.

Wanda ke son ya gano da kansa, ya dakata a nan. Jifan da ya rushe zato shi ne ya fi kowane amfani. Idan muka ɗauka kowace ƙwaya tana kawo nata rabo ne a tara, to jifa na huɗu ya nuna cewa 6 da 4 da 2 da 1 ba su kawo komi. A cire su daga jifa na ɗaya, saura 3 kaɗai, ke nan 3 tana kawo 2. A cire su daga na biyu, saura 5, ke nan 5 tana kawo 4. A gwada da na uku: 2 da 4 sun ba da 6. Na biyar: 5 guda biyu sun ba da 8. Na shida: 5 guda uku 12, a ƙara 2, an sami 14. Doka ta tsaya. Daga nan kuma za a ga amsar ba ta wuce 20. Cikin hanyoyi 7776 da ƙwaya 5 ke iya faɗuwa, 1024 ne ke ba da sifiri, wato kimanin kashi 13 cikin 100, saboda haka mai haƙuri ba zai daɗe ba irin wannan jifa mai buɗe ƙofa zai zo masa.

Amma me ya sa 3 take kawo 2, 5 take kawo 4? A nan ne sunan wasan ke aiki. A daina karanta ƙwayar a matsayin adadi, a dube ta kamar zane. Fuskokin 1 da 3 da 5 ne kaɗai ke da ɗigo a tsakiya, wannan ɗigon shi ne wardi. Ɗigon da ke kewaye da shi su ne ganyen fure. Fuskar 1 wardi ce ba ganye, 3 tana da ganye 2, 5 tana da 4. Fuskokin 2 da 4 da 6 ba su da tsakiya, don haka ba a ƙirga su. An faɗi amsar tun a cikin suna, ido kuma yana kallonta tun jifan farko. Rashin sani, in ji Hausawa, shi ya sa kaza ta kwana a kan dami.

Masana halayyar ɗan Adam sun auna wannan rauni namu. A shekarar 1960 wani malami a Landan, Peter Wason, ya ba ɗalibai 29 adadi uku, 2, 4, 6, ya ce suna bin wata doka, su kawo nasu misalan a gaya musu ko sun dace. Yawancinsu sun yi ta kawo irin 8, 10, 12, ana ce musu daidai ne, har suka tabbata dokar ita ce ƙarin bibbiyu. Alhali dokar ita ce kowane adadi ya fi wanda ya gabace shi girma. Mutum 6 ne kawai suka faɗe ta daidai a karon farko. Sauran sun nemi abin da zai gaskata su, ba su nemi abin da zai ƙaryata su ba.

Kafin wannan, a 1942, Abraham Luchins ya yi gwaji da tuluna a Amurka. Da tulu mai cin awo 21, da mai 127, da mai 3, a fitar da awo 100: a cika babban, a rage 21 sau ɗaya, a rage 3 sau biyu. Bayan mutane sun saba da wannan hanya, sai ya ba su 23 da 49 da 3, ya ce su fitar da 20. Mafi yawansu sun bi doguwar hanyar da suka saba, ba su ga cewa 23 a rage 3 ta wadatar ba. Sabo da lissafi shi ne ke rufe wa injiniya ido a gaban ƙwayar ludo.

Ɗan kasuwa ya san wannan tarko ko da bai taɓa riƙe ƙwaya ba. Wanda ya sayi wake da kaka shekara 3 a jere, ya sayar da bazara da riba, yana iya ɗauka ajiya kaɗai ce doka, ya manta da darajar naira da kuma yadda damina ta yi a Nijeriya, inda yawancin waken namu ke tafiya. Darajar kuɗin CFA a gaban na Faransa ba ta motsa ba tun 1948, har mutane suka ɗauke ta kamar fitowar rana, sai ga shi a watan Janairu na 1994 an rage ta da rabi, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga 50 zuwa 100. Ma'aikacin da aka mayar wa takardunsa sau biyu shi ma yakan yi saurin cewa ƙiyayya ce, bai jera waɗanda aka karɓa da waɗanda aka mayar ya ga abin da ya bambanta su ba.

Hanyar fita dai ɗaya ce a tebur da kasuwa da buro. A rubuta abin da aka gani, kada a dogara da tunawa. A ba misalin da ya saɓa wa zato daraja fiye da goma da suka yarda da shi. Idan doka ta fara tara faci, a ajiye ta a koma farko, a sake sauraron abin da aka faɗa tun da fari. Wanda ya karanta har nan kuma, in ya sami ƙwaya 5 a fada ko a gida, ya jefa wa abokansa, ya faɗi sunan wasan da amsa, ya kame bakinsa. Daɗin gano abu da kai ba a ba mutum shi kyauta.