Jijjigar Babbar Mota a Kan Hanya: Yadda Ake Gano Asalinta



Abin da za mu tattauna a kansa yau shi ne jijjigar da babbar mota kan yi tana cikin tafiya, da hanyar da ake bi a gano inda ta samo asali. Wataƙila wani ya ce ai wannan zancen gareji ne. To, amma a tuna cewa hatsi da taki da siminti duk a bayan waɗannan motoci suke tafiya, kuma ma'aikacin da ke sa hannu a takardar sayen kayan gyaran motocin hukuma, in bai san tambayar da zai yi wa bakanike ba, sai a yi ta canje-canjen tayoyi da dukiyar jama'a alhali ciwon yana wani wuri dabam.

Tushen maganar ɗaya ne. In ba hanya ce ta lalace ba, kusan kowace jijjiga daga wani abu mai juyawa take fitowa, kuma kowane abu mai juyawa yana da nasa saurin. Tayar babbar mota, wadda kewayenta ya ɗara mita 3 kaɗan, takan juya kamar sau 7 a daƙiƙa idan ana gudun kilomita 80 a awa. Farfela, watau dogon ƙarfen nan da ke kai ƙarfin inji daga giya zuwa tayoyin baya, takan ninka wannan wajen sau huɗu, gwargwadon ƙirar motar. Saboda haka jijjigar taya kamar sukuwar doki take, ana iya jin bugunta ɗaya bayan ɗaya, ta farfela kuwa sai ta zo da gurnani, har madubi ya riƙa rawa.

Me ya sa ɗan abu kaɗan ke girgiza mota mai nauyin tan da yawa? Dalili shi ne ƙarfin fizgar abu mai juyawa ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba: in gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin sai ya ninka sau huɗu. Alal misali, a ce nauyin taya ya rinjaya gefe guda da giram 200 kacal, wajen rabin mita daga tsakiyarta. A gudun kilomita 40 fizgarsa kamar ta kilo 5 ce, amma a gudun 80 ta kai ta kilo 20, tana dukan sifirin sau 7 kowace daƙiƙa.

To, mai bincike sai ya yi tambaya uku kafin ya taɓa sifana.

Ta farko, jijjigar nan gudun mota take bi, ko kuwa gudun inji? A tsai da motar, a ja birkin hannu, a taka totur sannu a hankali. In ta bayyana motar tana tsaye, to tayoyi da farfela sun fita daga zargi. Sai a duba robobin da inji ke zaune a kansu, ko fanka, ko nozul da ba ya ba da mai sosai. In ba ta bayyana ba, sai a hau hanya mai kyau, ba tare da kaya ba, a riƙe gudu ɗaya a canja giya. Idan jijjigar ta canja, laifin na wajen inji ne. Idan ta tsaya yadda take, daga farfela ne zuwa tayoyi.

Ta biyu, a ina ake jin ta? Wadda ke kaɗa sitiyari a hannun direba galibi daga gaba take: taya marar daidaito, ko rim da ya lanƙwashe a rami, ko boris da tarod da suka yi sako-sako. Wadda ake ji a kujera da ƙasan ƙafa kuwa daga baya take fitowa.

Ta uku, yaushe take zuwa? In sai an taka birki, to ana zaton gangar birki ce ta bar da'ira, abin da zafi kan jawo bayan doguwar gangara irin ta Hawan Kibo a hanyar Jos. In kuwa tana tsananta lokacin da aka taka totur ko ana hawa tudu da kaya, ta kuma lafa da an ɗaga ƙafa, to hankali sai ya koma kan farfela.

A nan ya kamata mu ɗan tsaya. A kowane ƙarshen farfela akwai gaɓa wadda makanikai ke kira kuros. Tun a ƙarni na 17 masanin nan na Ingila, Robert Hooke, ya nazarci wannan gaɓa, aka kuma fahimci cewa idan tana aiki a karkace ba ta juyawa bai ɗaya: takan yi sauri ta rage, sau biyu a kowane zagaye. Hikimar maƙera ita ce a sa guda biyu su yi layi ɗaya, domin ta biyu ta warware abin da ta farko ta ƙulla. Idan aka kwance farfela wajen gyaran giya, aka mai da ita haƙori ɗaya ya goce, to an shuka jijjiga ke nan ko da kowane ƙarfe sabo ne. Shi ya sa gwanin bakanike kan yi alama da alli kafin ya kwance. Haka kuma lodin da ya wuce kima yakan danne sifirin, ya canja karkatar gaɓoɓin nan.

Akwai wani ruɗi da ya kamata a yi hattara da shi. Sau da yawa jijjiga kan zo a wani gudu, ta ɓace in an wuce shi, sai direba ya ce motar ta warke. Ba ta warke ba. Kamar lilo ne: in turi ya dace da kaiwa da komowarsa sai ya yi sama, in bai dace ba sai ya lafa, alhali mai turin bai daina ba. Haka ƙarfen yake ci gaba da cinyewa a ɓoye.

Bayan tambayoyin nan, sai a fara dubawa daga mai araha zuwa mai tsada. A gwada iskar tayoyi, a ɗaure notuna, a cire dutsen da ya maƙale tsakanin tagwayen tayoyin baya. A ɗaga motar da jak, a juya taya kusa da wani abu kafaffe, a ga ko tana layi ko ta yi ƙululu. A karanta lambobi huɗu na ƙarshe a jikinta, waɗanda tun shekarar 2000 suke nuna mako da shekarar da aka yi ta. 2319, alal misali, mako na 23 ke nan na 2019. Sannan a kashe inji, a tokare tayoyi, a kama farfela a girgiza. In kuros ya yi motsi ko ya fitar da jar tsatsa, kwanansa ya ƙare.

Daga ƙarshe, jijjigar da ta zo farat ɗaya, ko ta zo da ƙarar bugun ƙarfe, ba a cewa bari a ƙarasa gari. Noti kan kwance taya ta fice, farfela kan tsinke ta caki kwalta. Sai a sauka gefen hanya nan take. Ku kuma masu kula da motocin hukuma, duk takardar gyaran da ta zo gabanku, ku nemi a rubuta muku amsar tambayoyin nan uku kafin ku sa hannu.