Yadda zafin ruwa ke taka wa na'urar nukiliya ta Zariya birki

A Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya akwai ƙaramar na'urar nukiliya mai suna NIRR-1, ƙirar ƙasar Sin, wadda ta fara aiki a watan Fabrairun 2004.

Ƙarfinta kusan kilowat 30 ne kacal, kuma ba ta samar da lantarki. Aikinta shi ne fitar da ƙananan ƙwayoyi da ake kira niyutron, waɗanda ake haskawa a kan samfurin ƙasa ko ma'adinai ko abinci domin gano sinadaran da ke ciki.

Ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke hana ta wuce gona da iri shi ne ruwan da take nitse a ciki.

Aikin ruwa

Idan ƙwayar yuraniyom ta tsage, niyutron kan fito da gudun kusan kilomita 20,000 a daƙiƙa. A wannan gudu, da wuya ya tsaga wata ƙwayar.

Sai ya yi karo da ƙwayoyin haidirojin na ruwa kamar sau 20, gudunsa ya ragu zuwa kimanin mita 2,200 a daƙiƙa, sannan ya dace da aikin. Enrico Fermi ne ya gano amfanin rage masa gudu a birnin Rum cikin 1934.

Daga nan niyutron kan yi ta kutsawa kamar mutum a kasuwar da ta cika. A ruwa mai zafin digiri 20, ma'aunin nisan da yake yi kafin a haɗiye shi kusan santimita 2.8 ne.

Idan ruwan ya yi zafi sai ya buɗe, ƙwayoyinsa su nisanci juna, tamkar kasuwa ta fara watsewa. Karo ya ragu, niyutron da yawa su sulale waje, tsagewar yuraniyom ta lafa.

Yadda ake aunawa

Wata daɗaɗɗiyar hanya ita ce a harba tarin niyutron lokaci guda cikin tankin ruwa, a ƙirga yadda suke raguwa cikin ƙiftawar ido.

Akan maimaita gwajin a tankuna manya da ƙanana, a matakan zafi daban-daban. Bambancin sakamakon ne ke raba waɗanda ruwa ya haɗiye da waɗanda suka tsere.

Da waɗannan alƙaluma ake tabbatar da cewa idan ƙarfin na'ura ya ɗaga, zafin da ya haifar zai mayar da shi ƙasa. Kuskure a lissafin na nufin dogaro da birkin da ba a san ƙarfinsa ba.

A 2018 an sauya makamashin NIRR-1 daga yuraniyom da aka tace zuwa kashi 90 cikin 100, ya koma mai kashi 13, aka mayar da tsohon zuwa Sin. Irin wannan sauyi kan wajabta sake lissafin tun daga tushe.