Wa Ya Fi Wani Cikin Masu Tsaron Gida A Gasar Ƙatar 2022?

Ajantina Emiliano Martinez ya kai kyautar gwarzon mai tsaron gida ta Gasar Cin Kofin Duniya ta 2022, amma har yau masu sha'awar tamaula na musu a kai. Ƙwallo 8 aka zura masa a wasanni 7. Abin da ya ɗaga shi shi ne taurin rai da tsokanar mai bugu, sai kuma ƙafar hagun da ya miƙa ya tare ƙwallon Kolo Muani a minti na 123 na wasan ƙarshe da Faransa a filin Lusail, arewa da Doha, ran 18 ga Disamba.

A ganinmu dai, Yassine Bounou na Maroko ne kan gaba. Ba ya hayaniya, ba ya gaggawar faɗuwa; yakan jira ɗan wasa ya nuna inda zai buga. Haka ya tare fenaretin Soler da na Busquets ran 6 ga Disamba a filin Education City, Sifen ta koma gida. Kafin wasan kusa da na ƙarshe, ƙwallo ɗaya tak ta shiga ragar Maroko, ita ma ɗan gida Nayef Aguerd ne ya ci kansu a wasan Kanada.

Dominik Livakovic na Kuroshiya saurin hannu ne makaminsa. Fenareti 3 ya tare wa Japan, ya ƙara da na Rodrygo na Brazil. Shi ne na biyu, Martinez na uku.