Jim Stynes: Daga Ƙwallon Gelik zuwa Filayen Ostareliya

A ƙasar Ayilan akwai wasan ƙwallo da ba a biyan masu buga shi ko kwabo. Ƙwallon Gelik ake ce masa, kuma ƙungiyar GAA, wadda aka kafa a 1884, ita ke kula da shi. Ranar wasan ƙarshe na ƙasa, mutum fiye da 80,000 ke cika filin Croke Park da ke Dublin, amma 'yan wasan da ake yi wa shewar malaman makaranta ne, da 'yan sanda, da manoma, da ma'aikatan banki. Bayan biki kowa sai ya koma bakin aikinsa. Ba a saye da sayar da ɗan wasa. Ƙungiyar unguwarku da gundumar da aka haife ka su ne naka, yawanci har ka tsufa.

Can ɗaya ɓangaren duniya kuma, a Ostareliya, akwai wani wasa mai kama da wannan, sai dai shi sana'a ne, da kwantiragi da albashi. Kamannin ba kaɗan ba ne. A duka biyun ana cafe ƙwallo da hannu, ana buga ta da ƙafa daga hannun, ana miƙa wa aboki da duka maimakon jifa, kuma ba a gudu da ita mai nisa ba tare da an buga ta da ƙasa ko ƙafa ba. Wannan kamanni ne ya sa a farkon shekarun 1980 shugabannin ƙungiyar Melbourne, ciki har da shahararren kociya Ron Barassi, suka yi tunanin zuwa Ayilan neman samari dogaye masu iya tsalle. Mutane da yawa a lokacin sun ɗauki abin ɓata kuɗi ne.

Jim Stynes na cikin waɗanda suka amsa tallar da ƙungiyar ta buga a jarida. An haife shi a Dublin a 1966, ya taso a ƙungiyar Ballyboden St Enda's, kuma a 1984 yana cikin tawagar matasan Dublin da ta ci kofin ƙasa. Kafin shekarar ta ƙare ya sauka a Melbourne, yana ɗan shekara 18, tsawonsa ya kusa mita biyu, bai taɓa buga wasan da aka ɗauko shi dominsa ba.

Abin da ya fi ba sabon zuwa wuya shi ne ƙwallon kanta. Ta Gelik zagayayyiya ce, ta Ostareliya kuwa mai siffar ƙwai ce. Idan ta faɗi ƙasa ba ka san inda za ta nufa ba: tana iya tashi sama, ko ta karkata hagu, ko ta dawo baya ta bar ka tsaye. Bugunta ma sai an koya daga tushe. Ɗan wasa yana riƙe ta a tsaye, ya sake ta da hannu ɗaya daidai kan ƙafa, ya buga ta yadda za ta riƙa juyawa baya a iska. Yaron Ostareliya tun yana ɗan shekara biyar yake wannan a bayan gida, shi kuwa ɗan Ayilan sai ya fara bayan hannunsa ya riga ya saba da wani abu dabam. Ga kuma fili mai girma da siffar ƙwai, da 'yan wasa 18 a kowane ɓangare maimakon 15, da sanduna huɗu babu raga babu mai tsaron gida: ta tsakiya maki shida, ta gefe maki ɗaya. Sannan a nan an yarda a rungumo ka a kayar, abin da dokar Gelik ta hana. Stynes ya fara da ƙungiyar matasa, aka kuma tura shi wata ƙaramar ƙungiya mai suna Prahran don ya goge, kafin ya shiga babbar tawaga a 1987.

A wannan shekarar ne ya gamu da ranar da ta fi kowace ɗaci. Melbourne rabonta da wasan ƙarshe tun 1964, ga shi kuma tana gaban Hawthorn a wasan kusa da na ƙarshe, lokaci ya ƙure. Sai aka ba Gary Buckenara na Hawthorn bugun laifi daga nesa. A dokar wasan, idan aka ba mutum irin wannan bugu, ba a ratsawa tsakaninsa da wurin da alƙali ya nuna. Stynes ya ratsa a guje. Alƙali ya matso da Buckenara mita 15 gaba, ya buga ta shiga bayan an busa tashi, Hawthorn ta ci da bambancin maki biyu. Akwai wani hoto da ya yaɗu daga ɗakin sauya kaya, kociya John Northey yana yi masa faɗa, shi kuwa kansa a sunkuye. Duk wanda ya ga hoton zai tausaya wa saurayin, domin kuskuren irin na baƙo ne, wanda dokar ba ta riga ta zauna masa a jini ba.

Da yawa a matsayinsa da sun tattara sun koma gida. Shi ya zauna. Aikinsa a fili shi ne na dogon da ke tsalle a tsakiya ya taɓo wa abokansa ƙwallo idan alƙali ya buga ta sama, kuma a da masu wannan aiki ba su cika yawo ba. Stynes ya zo da juriyar gudu ta ƙwallon Gelik, yana kewaya fili tun daga farko har ƙarshe, abokin karawarsa ya gaji ya bar shi. A 1991 ya ci lambar Brownlow, wadda alƙalan wasa ke zaɓen gwarzon shekara da ita, kuma ita ce babbar lambar da ɗan wasa ɗaya zai samu a AFL, babbar gasar wannan wasa a Ostareliya. Har yau babu ɗan Ayilan da ya sake cin ta. Ya buga wasa 264 kafin ya yi ritaya a 1998, kuma 244 daga ciki a jere ne ba fashi, har da lokacin da ya karye a haƙarƙari. Wannan tarihi ya tsaya har 2025, sa'ad da Jack Crisp na Collingwood ya wuce shi. A ganina juriyar abin yabo ce, amma buga wasa da karaya ba abin koyi ba ne ga yaro mai tasowa.

Ƙofar da ya buɗe ba ta sake rufuwa ba. Tadhg Kennelly na gundumar Kerry ya ci kofin AFL da Sydney Swans a 2005, sannan ya ajiye albashinsa ya koma gida a 2009 don ya ci kofin ƙasa da Kerry, irin wanda mahaifinsa marigayi ya ci. Ya kuwa ci, ya sake komawa Sydney. Zach Tuohy da Mark O'Connor sun ɗauki kofi da Geelong a 2022, kuma Tuohy ya zarce Stynes a yawan wasanni. Mata ma sun bi: Cora Staunton ta Mayo ta fara buga wa GWS Giants a 2018, kuma bayanta 'yan matan Ayilan sun yi ta kwarara zuwa gasar mata.

Sai dai a Ayilan ba kowa ke murna ba, kuma ina ganin ƙorafinsu yana da tushe. Masu aikin sa-kai ne ke renon yaro tun yana ƙarami, a ruwa da sanyi, ba a biyansu. Yana kai shekara 18, ya zama abin da gunduma ke sa wa ido, sai masu farautar 'yan wasa su zo da kwantiragi, ƙungiyar da ta rene shi kuma ba ta da hanyar riƙe shi. Amma wa zai ce wa saurayi kada ya karɓi albashi a kan abin da ya fi iyawa? Ga shi kuma mafi yawan masu tafiya ba sa kai inda Stynes ya kai. Wasu rauni ke dawo da su, wasu kewar gida, bayan shekara biyu ko uku.

Shi Stynes a Melbourne ya kafa iyali ya zauna. A 1994 shi da Paul Currie suka kafa gidauniyar Reach mai taimakon matasa su san darajar kansu. A 2008 ya karɓi shugabancin ƙungiyar Melbourne lokacin bashi ya yi mata katutu, ya jagoranci tara kuɗin da aka biya bashin da su. A 2009 ya sanar cewa yana fama da ciwon daji, ya ci gaba da aiki tsakanin tiyata da tiyata. Ya rasu ranar 20 ga Maris, 2012, yana da shekara 45. Gwamnatin jihar Victoria ta yi masa jana'izar girmamawa a majami'ar St Paul, daga baya kuma aka sa wa wata gada ta masu tafiya a ƙafa da keke a bakin kogin Yarra sunansa.